Jerry Lee Lewis da Tsoron Wuta

Shekara shida ke nan ina zaune a Memfis, kuma duk baƙon da ya zo mini daga gida sai na kai shi Sun Studio, ɗakin ɗaukar waƙa da ke lamba 706 a titin Union. Ɗan ɗaki ne, bai fi falon mai rufin asiri ba. A nan Jerry Lee Lewis ya shigo a ƙarshen 1956, saurayi ɗan shekara 21 daga Ferriday ta jihar Luwiziyana. Ya fara da yi wa mawaƙa irin su Carl Perkins kiɗan fiyano, kafin 1957 ta fita sunansa ya cika Amurka. Hannunsa na hagu yana lugude ba hutawa kamar mata a bakin turmi, na dama yana share maɓallan daga wannan ƙarshe zuwa wancan. In abin ya motsa sai ya shure kujera, ya buga a tsaye, har da dunduniya.

Da can na ɗauka mu kaɗai ne ke da rigimar kiɗa da addini. Ashe ba haka ba. Lewis ɗan gidan coci ne, ɗan'uwansa Jimmy Swaggart ma ya zama shahararren mai wa'azi. An kai shi makarantar Baibul a Waxahachie ta Tekzas, aka kore shi saboda ya kaɗa waƙar coci da salon da ya ɗauko a Haney's Big House, gidan rawar baƙaƙen fata na garinsu. A 1957, ana shirin ɗaukar waƙarsa "Great Balls of Fire", ya tsaya yana musu da mai kamfanin Sun, Sam Phillips, cewa wannan kiɗan na Shaiɗan ne. Faifan musun yana nan, ana jin muryar mutumin da ke tsoron wuta da gaske.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne iyayensa. Talakawa ne, amma suka jinginar da gonarsu suka saya masa fiyano. Na tuna Mamman Shata, wanda mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, don a wurinmu kiɗa roƙo ne, zubar da mutuncin gida ne. Shata ya yi ƙarfin hali ya wuce. Yara nawa ne masu hannu a kalangu ko garaya aka kashe musu gwiwa tun a zaure? Ni wannan asara nake gani.

Ba wanke Lewis nake ba. A 1958, yana Ingila, aka gano ya auri ɗiyar wani ɗan'uwansa mai shekara 13. Bayan wasa uku aka soke tafiyar, gidajen rediyo suka yi watsi da shi, kuma shi ya jawo wa kansa. Sai a 1968 ya farfaɗo da waƙoƙin kantiri, salon waƙar karkarar Amurka. Ya rasu a 2022 yana da shekara 87, a gidansa na Nesbit, kudu da nan kaɗan.

Makon jiya na kai kawuna Sun Studio. Ya saurari labarin gonar, ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko uban yaron yana da wata gonar.