Masu zanen Samaru, ku shigo cikin gari mana

A 1958 wasu ɗalibai na kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Samaru suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko, suka ce sun gaji da bin Turawa ido rufe, za su haɗa abin da aka koya musu a aji da na gida. Saboda su ne sunan Zariya ya shiga littattafan tarihin zane har Ingila da Amurka. Amma je ka Ƙofar Doka ko Tudun Wada ka tambayi mai shayi, wallahi bai taɓa jin labarinsu ba, kuma wannan abu yana ci min tuwo a ƙwarya.

Yanzu a ƙasashe da dama masu zane sun daina zaman jiran mutane a ɗakin baje koli, haɗuwa suke su fito titi da fenti da buroshi, yaro da babba kowa ya sa hannu a bango ɗaya, aikin ya zama na unguwa. Wasu za su ce baƙon abu ne. Ina baƙunta? Tashe da yaranmu ke yi da azumi ai haka yake, mai kallo shi ke amshi. Kuma a nan ABU ɗin, tun shekarun 1970 zamanin malaminsu Michael Etherton, ƴan sashen wasan kwaikwayo ke shiga ƙauyuka su shirya wasa tare da manoma a kan matsalolinsu. To me ya hana masu fenti?

Na san za a kawo maganar hoton mai rai, kuma magana ce mai nauyi, ban raina ta ba. Sai dai ba dole sai an zana fuskar mutum ba. Garin da Babban Gwani Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a a shekarun 1830 ba ya rasa abin zanawa. Ku duba zaurukan cikin birni, yadda magini ke bin ɗanyen yaɓe da hannu yana fito da dagi kafin ƙasar ta bushe, babu takarda babu awo, duk a kansa yake. Bulo da siminti sun kusa cinye sana'ar nan, masu ita sun tsufa, ƴaƴansu da yawa sun koma acaɓa. Ɗalibin da ya iya haɗa launi da dattijon da ya iya ƙasa, in suka tsaya gaban katangar makarantar firamare ɗaya yara na miƙo musu kwaɓi, kowa zai ƙaru.

Abin da bana so shi ne a zo da mota a shafa fenti a ɗau hoto a zuba a Instagram a tafi, damina ɗaya ta wanke komai. A fara da sallama wajen mai unguwa da liman, a tambayi mutane me suke so su gani a bangonsu, a shiga da mata masu lalle da masu ɗinkin hula don su ma zane suke yi kullum. Magini kuma a biya shi kuɗin aikinsa cif, a rubuta sunansa a jikin bangon kusa da na malamin jami'a.