Masu ƙirga wa George Martin kwanaki

A watan Agustan 2025, a babban taron marubuta da masu karanta labaran almara da aka yi a birnin Seattle na Amurka, an jefo wa George R. R. Martin, marubucin jerin littattafan A Song of Ice and Fire da har yanzu bai kammala ba, wata tambaya daga cikin masu sauraro. Gundarinta shi ne: tun da kwanakinka a duniya sun ja baya, me zai hana a miƙa wa Brandon Sanderson, wani marubucin almara, labarin ya ƙarasa? Sanderson ɗin yana zaune tare da shi a kan dandali. Zauren ya ɗauki ihun rashin yarda, amma da maganar ta bazu a intanet sai ga jama'a rututu suna cewa ai gaskiya ce aka faɗa, ɗaci kawai gare ta. Waɗannan masu tafin su ne suka fi ɓata mini rai.

Dattijo ne mai shekara 76 a lokacin. A ina aka taɓa duban tsoho ido cikin ido, a bainar jama'a, a ce masa ka kusa mutuwa, ka sallame mu kafin ka tafi? Ba a raba gadon mai rai. Kuma wanda ya yi tambayar, wa ya ba shi takardar cewa shi zai ga gobe?

Ni ma ina cikin masu jira. Littafi na biyar a jerin A Song of Ice and Fire ya fito a Yulin 2011, tun daga nan ake zuba ido ga na shida, The Winds of Winter. Na san zafin a bar mutum a tsakiyar labari, duk wanda ya taɓa bin littafin Hausa da ake saki shafi-shafi a WhatsApp ya san shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wannan magana da ta zama waƙa a bakin mutane, wai Martin bashi ake bin sa. Bashin me? Ka ba da kuɗin littafi biyar, an miƙo maka biyar, ka karance su har wasu sau uku. Ciniki ya ƙare nan. Abin da ya rage fata ne, kuma fata ba ta ba ka ikon tsayawa a kan mutum da bulala.

Masu ihun nan da yawansu ta talabijin suka san shi, shi ya sa suke ɗauka da arziki ya tashi. An haife shi a 1948 a Bayonne, jihar New Jersey, mahaifinsa ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, kuma a gidajen gwamnati na marasa ƙarfi ya girma. Yana yaro yakan rubuta labaran dodanni ya sayar wa yaran unguwa a kan 'yan kwabbai. Yana da ƙananan kunkuru da ya ajiye a cikin fādar wasa ta yara, suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa sai ya ƙirƙiro cewa sarakuna ne da fadawa ke kashe juna saboda sarauta. Wanda ya karanta littattafansa ya san kunkurun nan ba su bar shi ba har yau.

Ya karanci aikin jarida a Jami'ar Northwestern, ya sayar da labarinsa na farko ga mujalla a farkon shekarun 1970, ya ci lambar Hugo ta marubutan almara a 1975. Duk da haka rubutu bai ciyar da shi ba. Sai da ya haɗa da shirya gasar dara ta Turawa da koyarwa a wata kwaleji a Iowa. A 1983 littafinsa The Armageddon Rag ya yi kwantai a kasuwa, har masu ɗab'i suka ƙi karɓar wanda ya biyo baya. A wancan lokacin babu wanda ya ce ana bin masu karatu bashin komai. Ya tattara ya koma rubuta wa talabijin a Hollywood, inda kullum ake ce masa rubutunsa ya yi tsawo, ya yi tsada, a rage mayaƙa, a rage fadoji. Gajiya da wannan almakashi ne ya sa a 1991 ya fara labarin da babu mai yanka masa iyaka, kuma sai 1996 A Game of Thrones ya fito. Shekara biyar ke nan a kan na farko. Tsakanin na uku da na huɗu shekara biyar, tsakanin na huɗu da na biyar shekara shida. Mutumin nan bai taɓa zama mai sauri ba. A 2014 ya ce a kan tsohuwar kwamfuta marar intanet yake rubutu, da manhajar WordStar ta zamanin da, yana bin labarin yana gano inda zai kai shi, ya rushe babi ya sāke gini. Wannan nawar ita ta haifi abin da suke kuka a kansa.

Kuma ai mun ga abin da gaggawa ta haifa. Shirin talabijin na Game of Thrones, wanda tashar HBO ta gina a kan littattafan, ya fara a 2011, ya wuce littattafan, aka rufe shi a 2019 da zango na takwas mai kashi shida kacal. Mutane sama da miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke a intanet suna neman a sāke shi, saboda an yi masa ƙarshen ɗauki-ba-daɗi. Yau su ɗin ne dai ke cewa Martin ya rubuta ko mene ne ya miƙo. Idan ya miƙo, su ne za su fara yayyaga shi.

Misalin Sanderson da ake ta jawowa ma bai zauna ba. Marubuci Robert Jordan ya rasu a 2007 bai gama jerin littattafansa ba, ya bar bayanan yadda labarinsa zai ƙare, kuma matarsa Harriet McDougal, wadda ita ce editarsa, ita ta zaɓi Sanderson ya kammala The Wheel of Time. Mai abu ya tafi, iyalinsa suka yanke shawara. Martin yana raye, yana zaune a birnin Santa Fe, alƙalaminsa na hannunsa. Wasu ma ba su jira mutum ba, sun sa ChatGPT ya ƙaga musu sauran littattafan. Ba mamaki da sunansa ya fito cikin marubutan da suka kai kamfanin OpenAI ƙara a 2023.

Za a ce ya sha yin alkawarin lokaci yana saɓawa. Gaskiya ne, shi da kansa ya amsa haka a shafinsa a Janairun 2016, kuma ya kamata ya daina sa rana kwata-kwata. Masu cewa ya shagala da finafinai da gidan siliman da ya saya a Santa Fe kuwa, so suke tsoho ya kulle kansa a ɗaki har ya mutu don su ji daɗin hutun ƙarshen mako.

Masu shirya irin wannan taro su riƙa tace tambayoyi, wanda ya zo da cin fuska a karɓe makirufo daga hannunsa. 'Yan jarida kuma su daina mayar da shekarunsa kanun labari duk ranar haihuwarsa, 20 ga Satumba. Wanda jira ya ishe shi, ga gajerun labaransa na shekarun 1970 da 1980 can, mafi yawan masu ihun ko buɗe su ba su taɓa yi ba.