Tsofaffin wasannin harbi: kwali mai tsada ba shi ne adana tarihi ba

A shekarar 2023 wata ƙungiya a Amurka mai suna Video Game History Foundation ta fitar da sakamakon binciken da ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin bidiyon da aka fitar a ƙasar kafin 2010 sun ɓace daga kasuwa. Ko da kuɗinka a hannu, ba za ka same su sababbi ta halastacciyar hanya ba. A daidai wannan lokaci kuwa kamfanoni sai tallata tsofaffin wasannin harbi suke yi, an sake fitar da su cikin kwalaye masu ƙyalli, da littafin zane, da faifan kiɗa, da lambar da ke nuna cewa 'yan dubbai kaɗan aka buga. Suna cewa tarihi suke adanawa. Ni a nawa ganin, wasan da aka adana shi ne wanda yaro mai sha'awa zai iya samu ya buga kamar yadda aka ƙirƙire shi, ba wanda ke kulle cikin leda a kan kantar mai hali ba.

Asalin wannan nau'in wasa daga Japan yake. A 1978 kamfanin Taito ya fitar da Space Invaders, aikin injiniya Tomohiro Nishikado, wanda kusan shi kaɗai ya tsara wasan ya kuma haɗa na'urar da ke ɗauke da shi. Maƙiya 55 ne ke saukowa sahu-sahu, kai kuma kana ƙasa kana harbi. Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne saurin da maƙiyan ke ƙarawa yayin da kake rage su. Raunin na'urar ne ya haifar da shi: idan maƙiya sun yi yawa a allo sai ta yi nauyi, idan sun ragu sai ta samu sarari ta yi gudu. Nishikado ya ga abin ya ƙara wa wasan armashi, sai ya bar shi haka. Ke nan tun ranar farko ran wasan a haɗe yake da ƙarfen da aka gina shi a kai, kuma duk wanda zai sake fitar da shi dole ya kwaikwayi har raunin ƙarfen.

Daga nan sai ƙofa ta buɗe. Namco ya kawo Galaxian a 1979 da Galaga a 1981, Capcom ya kawo 1942 a 1984, Konami ya fito da Gradius a 1985, Irem kuma da R-Type a 1987. Darius na Taito ma allo uku aka jera masa don filin yaƙin ya yi faɗi. Duk waɗannan an yi su ne don gidajen wasa inda ake jefa tsabar kuɗi a akwati kafin a buga, kuma wannan ne ya tsara halinsu. Mai gidan wasa yana son ka mutu cikin 'yan mintuna don wani ya jefa tasa tsabar, amma idan ka ji an zalunce ka ba za ka dawo ba. Dole wasan ya kashe ka ta yadda za ka yarda laifinka ne. Wannan ƙwarewa ce ta gaske, kuma har yau masu ƙirƙirar wasanni suna komawa gare ta neman darasi.

A nan yankinmu ba a san waɗannan akwatunan sosai ba, amma jikokinsu sun iso mu. Wanda ya riƙe Nokia 3310 ya san Space Impact, kuma waɗancan na'urorin da ake jonawa da talabijin, masu kaset da ke iƙirarin ɗauke da dubban wasanni, da wuya a rasa Galaxian a cikinsu.

Matsalar ita ce ƙarfen yana mutuwa. Misali mafi muni shi ne allon lantarkin Capcom da ake kira CPS-2, wanda wasannin harbi irin su Giga Wing da Progear suka fito a kansa. Don maganin masu satar fasaha, an ajiye mabuɗin sirrin wasan a wata ma'adana da batir ke riƙe da ita. Ranar da batirin ya ƙare, mabuɗin ya goge, allon ya daina aiki. Kamfanonin su ma suna mutuwa. Toaplan, wanda ya yi Flying Shark da Truxton da Batsugun, ya durƙushe a 1994, ma'aikatansa suka watse, wasu suka kafa kamfanin Cave, wanda DoDonPachi ɗinsa na 1997 ya shahara da cika allo da ɗaruruwan harsasai.

Wa ya tsaya wa waɗannan wasanni a shekarun da ba su kawo riba? 'Yan sa-kai ne. A 1997 wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fara manhajar MAME, wadda ke sa kwamfuta ta kwaikwayi tsofaffin allunan. Mutane daga ƙasashe daban-daban suka riƙa sayen alluna da kuɗinsu, suna kwafe abin da ke ciki kafin ya lalace, suna rubuta yadda kowane ɓangare ke aiki. Su ne ma suka warware sirrin CPS-2. An daɗe ana yi musu kallon ɓarayi, alhali ba don su ba da wasanni da dama ba su kawo yau ba, balle a sake sayar da su.

Ba cewa nake duk sake fitarwa yaudara ce ba. Akwai masu yin aikin da gaskiya, kuma sun cancanci a ambace su. Kamfanin Hamster na Japan ya fara jerin Arcade Archives a 2014, kuma ya shafe shekaru yana sakin tsohon wasa kusan kowane mako a farashi mai sauƙi, har da waɗanda ba wanda ya tuna da su. Kamfanin M2 kuwa ya kai aikin wani matsayi dabam. Ɗauki Battle Garegga na 1996. A cikinsa akwai wani ɓoyayyen lissafi da ke ƙara wa wasan wuya gwargwadon yadda kake tara makamai da yawan harbi, har ƙwararru kan bari a kashe su da gangan don wuyar ta sauka. Shekaru 20 mutane suna buga shi da hasashe. Da M2 ya sake fitar da shi a 2016, sai ya sa ma'auni a gefen allo da ke nuna wannan lissafi ƙarara, ba tare da ya taɓa wasan asali ba. Irin wannan aiki shi ke mayar da tsohon wasa abin karatu. Haka nan Taito, da ya fitar da ƙaramin akwatin Egret II Mini a 2022, ya yi masa allon da ke juyawa tsaye, domin da yawa daga cikin wasannin harbi a tsayayyen allo aka tsara su.

Inda nake da ja shi ne ƙarancin da ake ƙirƙira da gangan. Kamfanoni irin su Limited Run Games, da aka kafa a Amurka a 2015, sun gina sunansu a kan buga adadi ƙayyadadde, idan ya ƙare ya ƙare. Daga baya sun sassauta, suna buɗe oda na wasu makonni, amma da an rufe shi ke nan. Me ke biyo baya? 'Yan kasuwa su saye, su ɓoye, su fito da shi a kasuwar intanet ta eBay da ninkin farashi, sau da yawa ledar ma ba a yage ba. Abin takaici, wannan ita ce cutar da aka ce ana magani. Radiant Silvergun na kamfanin Treasure ya fito a na'urar Sega Saturn a 1998, a Japan kaɗai, kuma ya daɗe yana tsada mai kai ɗaruruwan daloli. Abin da ya buɗe wa jama'a ƙofarsa shi ne fitowarsa ta intanet a na'urar Xbox 360 ta Microsoft a 2011, da Switch ta Nintendo a 2022. Matashi a Kano ko Damagaram da ke son sanin tarihin nan, kwali mai farashin dala haɗe da kuɗin aikowa ba nasa ba ne.

Masu tara kaya suna da hujja mai ƙarfi, kuma ban raina ta ba. Suna cewa abin da ka saya ta intanet ba naka ba ne. Nintendo ya rufe shagonsa na intanet na na'urorin 3DS da Wii U a watan Maris na 2023, Microsoft ya rufe na Xbox 360 a watan Yulin 2024, kuma wasanni da yawa sun tafi tare da su. Faifai kuwa yana hannunka. Suna kuma cewa kuɗin mai sayen kwali mai tsada shi ke biyan injiniyan da ya yi aikin. Duka biyun gaskiya ne. Amma hujjar farko tana kira ne a buga faifai da yawa a ci gaba da bugawa, ba a taƙaita shi ba. Ta biyun kuma ba ta hana a sayar wa mai hali kwalinsa na alfarma, a bar faifai maras ado a kasuwa don sauran mutane.

Akwai kuma batun ɗakunan karatu, wanda shi ne ya fi damuna. Littafin da ya ɓace daga kasuwa kana iya aronsa. Masu adana wasanni sun nemi ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ba ɗakunan karatu izinin bai wa masu bincike damar buga tsofaffin wasanni daga nesa. Ƙungiyar manyan kamfanonin wasanni ta ƙasar ta yi adawa, kuma a watan Oktoba na 2024 aka ƙi amincewa da buƙatar. Dalilin da aka dogara da shi shi ne kare kasuwar sake fitarwa, kasuwar da binciken 2023 ya nuna kashi 13 kacal ta iya ɗauka.

Wasannin Toaplan sun isa misalin haɗarin barin komai a hannun kasuwa. A 2017 wani tsohon ma'aikacin kamfanin, Masahiro Yuge, ya kafa kamfanin Tatsujin don kula da haƙƙin mallakarsu. A 2022 kamfanin Embracer na ƙasar Suwidin ya saye Tatsujin, a rana ɗaya da ya sanar da sayen Limited Run Games. An ci moriyar hakan, domin wasannin sun fito a kwamfuta cikin sauƙin farashi. Amma a 2023 Embracer ya shiga matsin kuɗi, ya rufe wasu rassansa, ya sallami ma'aikata da dama. Ko Truxton da Batsugun za su kasance a kasuwa nan da shekara 10, shawara ce da masu hannun jari za su yanke, kuma babu wata doka da ta tilasta musu barin kwafi inda jama'a za su iya kaiwa gare shi.