Ba A Fafe Gora Ranar JAMB

Duk shekara idan lokacin JAMB ya zagayo, tun asubar fari za ka ga motoci sun kwaso yara daga Ningi, Darazo, Alkaleri da Toro zuwa cibiyoyin jarrabawa a cikin garin Bauchi. Da yawansu ranar ce za su fara ɗora yatsa a kan kwamfuta. Tambayoyi 180 cikin awa biyu, agogo yana ci a kan allo, shi kuwa yaro yana lalube yana neman harafin N don ya wuce tambaya ta gaba. Tun 2015 JAMB ta bar jarrabawar takarda gaba ɗaya. WAEC ma ta fara gwada kwamfuta a 2024 da masu zana jarrabawa da kansu ba ta hannun makaranta ba, kuma a 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ce WAEC da NECO duk can za su koma. Mu kuma har yau a ranar tafiya muke fafe gora.

Ba rashin kwamfutar ne kaɗai matsalar ba. Na taɓa shiga wata sakandaren gwamnati da aka yi wa ɗakin kwamfuta, na tarar da ƙaton kwaɗo a ƙofa. Da aka buɗe, ƙura ta rufe komai, wasu ko daga leda ba a cire su ba. Na tambayi shugaban makarantar dalili, sai ya ce: "Malam, babu wuta, babu mai koyarwa, in ɗaya ta lalace kuma ni za a tuhuma." Ban ga laifinsa ba. An kawo kaya, an ɗauki hoto, an tafi.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, karatu ta waya ya daɗe da zama a cikinmu, kawai ba a ɓangaren boko ba ne. Je ka wajen masu cajin waya a Wunti, cikin garin Bauchi, ka ga yadda ake tura tafsiri da karatun littattafai a memori. Matan aure suna cikin gidajensu suna biya hadda a zaurukan WhatsApp: ɗaliba ta aika tilawarta da murya, malama ta saurara ta gyara mata, gobe a ƙara aya biyar. Ba wanda ya ba da kwangilar wannan, ba a yi bikin ƙaddamarwa ba. Ya yi aiki ne saboda da Hausa ake yi, ƙaramar waya ta isa, in ka sauke sau ɗaya ba ka sake sayen data, kuma akwai malamin da aka sani, ake jin nauyinsa, a ɗaya ɓangaren. Me zai hana malamin lissafi a Misau ya yi haka da darasin aljabara?

Annobar korona ta 2020 ta nuna mana iyakarmu. 'Ya'yan masu hali sun koma Zoom, sauran sai abin da rediyo ya kawo musu. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe Nigeria Learning Passport, dandalin darussa kyauta a intanet, amma kyautar tana tsayawa ne inda data ta ƙare, ga shi a farkon 2025 an amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari.

Iyayen da ke cewa waya TikTok kawai take koya wa yaro suna da gaskiyarsu. Shi ya sa nake ganin daga malami za a fara. Kwalejojin ilimi na Azare da Kangere kada su yaye wanda bai iya naɗar darasi da waya ya tura wa ɗalibai ba, ko wanda bai iya tsayawa da aji a gaban kwamfuta ba.

Sai dai murya ba ta koya wa yatsa danna madanni. Wannan kam dole a cire kwaɗon, a sa sola, a ware kuɗin gyara don shugaban makaranta ya daina fargaba, a ba kowane ɗan aji ɗaya na babbar sakandare awa guda a mako.