Ba haɗama ba ce, shekarunta ne

Jiya da safe aka yi wata 'yar rigima a gidan yayata, har yanzu tana raina. An dama kunu, aka zuba wa 'yarta mai shekara huɗu a faffaɗan kwano, aka zuba wa wanta a dogon kofi. Ludayi bibbiyu, a gabanta aka auna. Yarinya ta ce atafau nasa ya fi yawa, ta zube ƙasa tana birgima. Uwar ta kai mata ranƙwashi: "Wannan haɗama wa kika gado?"

Na ce, "Yaya, wallahi ba haɗama ba ce." Ta harare ni, wai 'yan boko mun fara.

Akwai wani masanin halayyar yara ɗan Suwizalan, Jean Piaget, wanda ya rasu a 1980. Yakan zuba ruwa daidai wa daida a kofi biyu, yaro ya yarda kai ɗaya suke, sai a kan idonsa a juye ɗaya cikin siririn kofi mai tsayi. Yawancin yaran da ba su kai shekara shida ko bakwai ba sai su ce na dogon kofin ya fi. Tsayin kawai hankalinsu ke kamawa, bai iya haɗa shi da faɗi ba tukuna. Wajen shekara bakwai abin ke warwarewa da kansa, babu bulala, babu ranƙwashi. Abin da ke burge ni, a shekara bakwai ɗin ne aka ce mu fara umartar yara da salla. Ba a ce uku ba.

Ni a ganina, da yawa daga abin da muke kira rashin tarbiyya, shekaru ne ba su kai ba. Muna ta cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mun manta tsiro in aka matsa masa karyewa yake yi.

Ba na ce duk maganar Piaget yankan wuƙa ce ba. Yaran Turai ya fi nazarta, har da 'ya'yansa uku, kuma waɗanda suka biyo bayansa sun nuna ya raina wayon ƙananan yara. Duk wanda ya taɓa ganin 'yar talla tana lissafin canji ya san abin da yaro ke yi kullum yana saurin buɗe masa kai.

Mu zo kan masu tashen balaga. Yaro ɗan shekara 16 ya yi tsawo, murya ta buɗe, gemu ya fara tsirowa, sai mu ɗauka ya gama hankali. Alhali sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki ya sa shi hangen ƙarshen abu, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Shi ya sa zai ɗaga tayar babur a titi don abokai su yi masa tafi. Wannan ba uzuri ba ne, dalili ne na a sa masa ido maimakon a kore shi daga gida.

Inda na fi jin ciwo shi ne wajen tsofaffi. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Erik Erikson, a 1950, ya kasa rayuwar ɗan Adam zango takwas, daga jariri mai koyon yarda da hannun da ke ɗaukarsa har zuwa tsoho. Ya ce aikin zangon ƙarshe shi ne waiwaye: mutum ya dubi rayuwarsa, ko ya samu natsuwa ko ya faɗa nadama. To kakarka da ke maimaita maka labarin ranar da aka kai ta ɗakin miji, karo na goma, aikinta take yi. Mu kuwa sai mu ce rikicin tsufa, mu koma kan waya.

Amma tsohuwar da ta manta sunan 'yarta, ta fita ta kasa gane hanyar gida, take zargin an sace mata zani, wannan ba tsufa kawai ba ne. Ciwon mantuwa ne, na ƙwaƙwalwa, likita ya kamata ya gan ta. Kuma irin waɗannan bayin Allah ne a wasu wurare ake nuna wa yatsa ana kiransu mayu.

Yau da safe na sake leƙawa gidan Yaya. Ba ta ce min komai ba, amma na ga kofuna biyu iri ɗaya a kan tabarma, mutuniyar tana ta kurɓar kununta.