Rigunan da Tabita ta ɗinka

'Yan'uwana cikin Almasihu, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

A Ayyukan Manzanni 9:36-42 an ba mu labarin wata almajira mai suna Tabita, wadda ake kira Dokas da Helenanci, mazauniyar Yafa a bakin teku. Littafi Mai Tsarki bai kawo mana ko wa'azi ɗaya da ta yi ba, bai kuma ce mai dukiya ce ba. Amma da ta rasu aka kwantar da ita a ɗakin bene, aka aika Lidda aka kirawo Bitrus, sai matan da mazansu suka mutu suka kewaye shi suna kuka, suna nuna masa riguna da tufafin da ta ɗinka tun tana tare da su. Da zare da allura ta ba da shaidarta.

Duk wanda ya taɓa ɗawainiya da mabukata ya san tausayi kaɗai ba ya kai mutum nesa, domin tausayi yakan gaji, musamman ranar da wanda ka yi wa rana ya yi maka dare. Abin da ke hana hannun mai bi janyewa a irin wannan rana shi ne maganar Yesu a Matiyu 25:40, cewa abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwansa, shi aka yi wa. Idan Almasihu ne ya karɓi tuwon da ka kai, to, ba daga bakin wanda ya ci kake jiran godiya ba.

Ba ceto muke saye da wannan ba. Afisawa 2:8-10 ta ce ta wurin alheri aka cece mu, sannan ta ƙara da cewa domin kyawawan ayyuka aka halicce mu cikin Almasihu Yesu. Shi ya sa Yakubu, a wasiƙarsa, ya tsawata wa mai sallamar mayunwaci da fatar baki, wanda a yau, mu faɗi gaskiya, shi ne mai cewa "zan sa ka a addu'a" alhali rumbunsa cike yake da dawa.

Bambancin addini ba hujjar janye hannu ba ne: masu bi ne suka kafa asibitin Galmi a Nijar a 1950, har yanzu kuma yawancin marasa lafiyar da ake jinya a can Musulmi ne. Talauci ma ba hujja ba ne, tunda ikilisiyoyin Makidoniya cikin matsanancin talauci suka roƙi Bulus ya bar su su sa hannu a gudummawar tsarkaka. Iyayenmu na Zumuntar Mata sun daɗe da gane wannan, mudu-mudu suke tara hatsi su kai gidan makoki.

Idan za ka kai naka a wannan mako, ɗan'uwa, ka bar wayarka a aljihu, domin hoton marayu riƙe da buhun shinkafa a Facebook bai yi daidai da Matiyu 6:3 ba, inda Yesu ya ce kada hannun hagunka ya san abin da hannun damanka yake yi.