Kewar Zamanin Kaset Ma Tana Da Ladabi

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Duk majalisar da 'yan shekara arba'in suka zauna a Gusau, daga Tudun Wada har Sabon Gari, in hira ta yi nisa sai an gangaro kan zamanin kaset. Wannan ya tuno fim ɗin Indiya da ya sa yayarsa kuka, wancan ya miƙe yana gwada yadda bos ya faɗi a fim ɗin Chanis, a yi dariya har da hawaye. Daga nan sai wani ya numfasa ya ce, "Allah sarki, lokacin da fim yana fim. Yaran yanzu ba su san komi ba." To a nan nake da magana, kuma da sa'o'ina nake kafin in zo kan ƙannenmu.

Ban hana kowa kewa ba. Wanda ya san shagon hayar kaset dole ya ji wani abu in an ambace shi. Ɗan ɗaki ne da bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, an jera kwalaye a kan katako har rufi, fastoci sun rufe bango, ga talabijin a ƙofa tana ta talla. Mai shago yana da babban littafi. Kafin kaset ya bar hannunsa sai ya rubuta sunanka da na gidanku, in kuwa bai gane fuskarka ba sai ya ɗago ya ce, "Kai ɗan wa na? An san ka taho?" Ka soke kaset a cikin riga ka sheƙa gida. In hoto ya fara rawa, a kwance murfin bidiyo a goge kan da ɗan ƙyalle. In NEPA ta ɗauke wuta ana tsakiyar faɗa, shi ke nan, kaset ya maƙale a ciki, babu fitarwa babu mayarwa, gobe kuɗin kwana ya hau kanka. Kuma kada ka kuskura ka mayar ba ka tariyo shi farko ba, don sai ka sha faɗa a gaban jama'a.

Indiya muka buɗi ido muka tarar, har Hausawa suka raɗa wa jaruman sunaye, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi. Ga Bruce Lee da Jackie Chan da su Rambo. Namu na Hausa a kaset ya faro ne a Kano da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, amma sai da Sangaya ya fito a 1999 kasuwa ta buɗe sosai, waƙa da rawa suka zama su ne jarin fim. 'Yan kasuwa su saro daga Ƙofar Wambai, kafin mako ya zagayo kaset ya isa Ƙaura Namoda da Talata Mafara.

Sai dai mu ji tsoron Allah wajen ba da labari. Wancan zamani ba na waliyyai ba ne. Kuɗin cefane nawa suka yi ƙafa zuwa shagon haya? Yara nawa aka kamo a gidan kallo da allo a hammata, malam yana can yana jira? Iyayenmu kukan da muke yi da waya yau, shi suka yi da bidiyo. Malamai sun yi wa'azi a kan rawa da waƙa har muryoyinsu suka dushe. Da aka ƙaddamar da Shari'a a nan Gusau a Oktoban 1999, gidajen silima suna cikin abin da aka rufe, Kano kuwa ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001. Da komi lafiya lau yake, da ba a yi wannan ba. Su kansu masu shirya fim ba su ji daɗin shagon haya yadda muka ji ba: mai shago ya sayi kwafi ɗaya, unguwa guda ta kalla, wanda ya zuba jarinsa ya tashi da kuɗin kaset ɗaya tal. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Abin da ya tsare mu a lokacin, a ganina, ba kyawun fina-finan ba ne. Yadda ake kallon ne. Talabijin ɗaya ce a gida, wani lokaci ma a layi gaba ɗaya. A fito da ita tsakar gida bayan Isha'i, yara a gaba a ƙasa, mata a baya, 'ya'yan maƙwabta a bakin zaure suna leƙe. In abin da bai dace ba ya gifta, gyaran muryar Inna kaɗai ya isa wani ya miƙe ya tura kaset gaba. In aka ji takun maigida, kowa ya gyara zama. Ba ka isa ka ɗauko fim ɗin banza ba, don mai shago ya san mahaifinka, kuma a gaban ƙannenka za a saka. Uwa uba, kaset yana ƙarewa. In aka rubuta a haɗu a kashi na biyu, sai haƙuri, sai an sake tara kuɗi, sai kuma an yi sa'a wani bai riga ka ɗauka ba.

Yanzu fa? Mu da muke wannan hira mu ne iyayen. Yaro ya dame ka, ka miƙa masa waya ya shige ɗaki, ka koma majalisa kana yabon zamanin da. 'Yarka ta ba da memori a kai shagon masu tura fim, a cika mata shi fal, wanda ya tura bai san ta ba, bai tambayi 'yar wa ce ba, kai ma ba ka taɓa buɗewa ka ga me ke ciki ba. Kada ma wani ya ɗora wa intanet laifin duka. A Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, kallo bai tsaya ba, daga waya zuwa waya aka ci gaba da turawa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce dukkanmu makiyaya ne, kuma za a tambayi kowa game da abin kiwonsa. Ranar nan ba za a tambaye ka fim nawa ka haddace ba.

Ba cewa nake a farfasa wayoyi ba. In ana son kallo, a maido shi fili. A kunna a falo ko tsakar gida, ka zauna ko da rabin sa'a ne, ka ji abin da ke ba 'ya'yanka dariya. A sa lokacin tashi. Wayar yaro ta kwana a ɗakin mahaifiyarsa. Za a yi maka fushi na kwana biyu, ba komi, mu ma mun yi wa namu.

Ku kuma ƙannena, ku daina jin haushi in mun fara labarin da, tuna baya shi ne roƙo. Da yawa daga fina-finan nan suna YouTube, za ku ga hoto dishi-dishi da sauti mai kaushi ku yi mamakin abin da ya burge mu. Amma ku lura da abu ɗaya: namu yana da ƙarshe, naku ba shi da shi. Fim mai dogon zango, kashi na bin kashi da kansa, ka ce bari in ƙara ɗaya, sai kiran Assalatu. In ba ka yanke wa kanka ba, babu mai shagon da zai turo a karɓe.

Sai magana ta ƙarshe, wadda ta fi ci mini rai. Mutanen da ke cikin kaset ɗin nan ba hotuna ba ne kawai. Balaraba Muhammad ta rasu a haɗarin mota a 2003, Ahmad S. Nuhu a farkon 2007, Rabilu Musa Ibro kuwa ya rasu a Disambar 2014, da wasu da dama, Allah Ya gafarta musu. Matan kuwa da yawa sun yi aure sun bar harkar tuntuni, wasu har sun aurar da 'ya'ya. Sai kawai mutum ya tono rawar da baiwar Allah ta yi tana budurwa, ya yanko daidai wurin, ya watsa wai shi mai tuna baya. Mijinta zai gani, surukanta za su gani, ɗanta zai shiga aji a nuna masa. Wanda ke kabari kuma addu'a yake buƙata, ba a yi ta juya waƙarsa ba. In irin wannan ya shigo wayarka, ka goge, kuma ka kira wanda ya turo ka gaya masa dalili.